CIWON CIKIN DOKI, DA ABIN DA YA KE YI WA JINI

Wannan takarda domin masu dawaki ce, da dagatai da masu unguwa, da duk wanda a ke ba amanar barga. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Duk wanda ya daɗe da doki a turke ya san ciwon ciki. Doki ya ƙi dusa, ya dinga tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen kwiɓinsa kamar wani abu na cizonsa, ya kwanta ya tashi, ya yi ta birgima, gumi na tsiyaya. Sau da yawa kafin gari ya waye sai a ga ya yi kashi, ya miƙe, ya nemi ciyawa. Wani lokaci kuwa ga doki mai ƙiba da ƙarfi, jiya aka hau shi, yau kafin la'asar an ja gawarsa bayan gari. A shekarar 1998 an bi lissafin dawaki a ƙasar Amurka, aka tarar cikin ko waɗanne dawaki 100 a kan sami ciwon ciki kamar sau 4 a shekara, cikin waɗanda suka kamu kuwa 11 daga 100 suka mutu. Watau kusan 9 cikin 10 su kan tashi. To, me ya raba na goman da 'yan'uwansa?

Mutane su kan ce zafin ciwo ne ya kashe shi. Ba haka ba ne. Ciwon a ciki ya ke farawa, amma galibi ba ya kisa sai ya fita daga hanji ya shiga jini. In ya shiga, jini ya kan yi kauri, fararen ƙwayoyinsa su ɓace, daskarewarsa ta rikice. Likita yana ganin waɗannan da madubinsa mai ƙara girman abu, amma kai ma, ya mai doki, kana iya ganin alamarsu a bakin dokinka da jijiyarsa, in an nuna maka wurin dubawa.

ABIN DA KE CIKIN JINI

Dokin da nauyinsa ya kai kilo 300 yana da jini kamar lita 24, watau garwa guda da sulusi. A ido jini jan ruwa ne kurum. Amma in likita ya ɗebi kaɗan daga jijiyar wuya, ya zuba a kwalba mai maganin hana daskarewa, ya ajiye, ba da jimawa ba sai ka ga ya rabu kashi 3. Jinin doki ya fi na sa saurin rabuwa ƙwarai, gama jajayen ƙwayoyinsa su kan manne da juna kamar kwabbai da aka jera, su nutse tare.

Na ƙasa ja ne, shi ne jajayen ƙwayoyi. Su ke ɗaukan iskar rai daga huhu su kai ko ina cikin jiki. A cikin ɗigon jini da bai wuce ƙwayar acca ba akwai su kamar miliyan 6 zuwa 12. Na bisa ruwa ne mai launin ɗorawa. Tsakaninsu akwai wani fari-fari siriri, bai fi kaurin farce ba. Kada ka raina shi, gama labarin wannan takarda rabinsa a kansa ne. A ciki fararen ƙwayoyi su ke, su ne dakarun jiki masu yaƙi da ƙwayoyin cuta, kamar 5,500 zuwa 12,500 a ɗigon nan da muka ce. Tare da su akwai waɗansu ƙanana ƙwarai, kamar 100,000 zuwa 350,000, waɗanda aikinsu toshe ɓaraka in jijiya ta fashe. Wani likitan Italiya mai suna Bizzozero shi ya bayyana aikinsu a 1882. A nan za mu kira su matosai.

YADDA JINI KE DASKAREWA

In doki ya yanke, matosai su ke fara zuwa, su manne a bakin rauni, su kirawo 'yan'uwansu. Naman da ya yanke kuma ya kan saki wani abu wanda ke ta da aikin daskarewa. Akwai sinadarai wajen dozin guda cikin ruwan jini, yawancinsu hanta ke yin su, suna nan kwance kamar masu barci. Na farko ya ta da na biyu, na biyu ya ta da na uku, har a kai ga na ƙarshe. Shi wannan na ƙarshe ma'aikaci ne kamar mai kaɗi. Akwai wani abu narkakke cikin ruwan jini, likitoci na kiransa fibirinojin, mu ɗauke shi kamar auduga. Mai kaɗin nan ya mai da shi zare, zaren ya saƙu ya zama taru, tarun ya kama jajayen ƙwayoyi. Wannan shi ne gudan jini.

Ka lura da abu guda. Da a ce wannan aiki ba shi da mai tsai da shi, da ƙaya guda ta isa ta daskarar da jinin doki duka. Sabo da haka Allah ya yi masa linzami. Akwai wani sinadari, shi ma daga hanta, sunansa antitorombin, wanda ke kama mai kaɗin nan in ya wuce bakin rauni. Akwai kuma wani mai kama da almakashi, shi ke yayyanke zaren bayan rauni ya warke, don hanya ta buɗe. Ga ƙaimi, ga linzami. Muddin mahayi yana riƙe da su daidai, jini yana gudu a jijiya, yana daskarewa a rauni kaɗai.

TA INA CIWON CIKI KE SHIGA JINI?

Cikin doki abin mamaki ne. Tumbinsa ƙarami ne, bai cin garwa guda ba, kuma doki ba ya iya amai. Ƙaramin hanjinsa ya kan kai mita 20 ko fi a babban doki, yana rataye sakwa-sakwa, ba wuya ya murɗe ko ya maƙale. Babban hanji kuwa ya naɗe ninki-ninki, da wata kwana mai ƙunci inda busasshen abinci da rairayi su kan toshe. A cikin babban hanjin nan akwai ƙananan halittu da ba su ƙidayuwa, su ke narkar masa da ciyawa. Masu amfani ne, amma a fatar waɗansunsu akwai dafi. Wani Bajamushe mai suna Pfeiffer ya sa masa suna endotoksin a 1892. Cikin ko wane doki mai lafiya akwai dafin nan wanda ya isa ya kashe shi, abin da ya tsare shi bangon hanji ne kaɗai, kaurinsa kuwa ba wani abu ba ne.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In hanji ya murɗe, jini ya daina zuwa masa, cikin 'yan sa'o'i kaɗan fatar cikinsa ta fara mutuwa tana saɓulewa. Haka kuma in hanji ya kumbura da zawo mai tsanani, ko doki ya kwance da dare ya faɗa wa buhun dawa ya ci ya yi nak, hatsin ya yi tsami a ciki, ya kashe halittun nan su saki dafinsu gaba ɗaya. Ta ko wace hanya dai, dafi ya ƙetare bango ya shiga jini. Doki kuwa yana cikin dabbobin da suka fi rashin jure wannan dafi. Abin da ba zai dami wata dabba ba sosai, shi sai ya kayar da shi.

Ciwon cikin da iska ce kurum ta taru, ko hanji ya ɗan murɗa ya saki, ba ya tsaga bangon nan. Shi ya sa irinsa ke wucewa ko da dokin ya yi birgima kamar zai mutu. Ashe yawan birgima ba shi ne ma'aunin hatsari ba.

JINI YA YI KAURI

Kullum jikin doki yana zuba ruwa cikin hanji, yawu da sauran ruwan narkar da abinci, fiye da yawan jininsa duka, sa'an nan ya tsotse shi a can gaba. In hanya ta toshe, zubawa ba ta tsayawa, tsotsewa ce ke tsayawa. Ruwa ya taru a hanji, jini ya rasa shi. Ga gumi kuma, ga doki ya ƙi sha. Dafin nan har wa yau ya kan sa ƙananan jijiyoyi su yi yoyo. Sai jini ya zama kamar kunun da aka manta a kan wuta.

Likita yana auna wannan cikin 'yan mintoci. Ya kan sa jini a siririyar kwalba, ya juya ta a inji, ya duba kashi nawa ne ja cikin 100. A doki mai lafiya kamar 32 zuwa 45 ne. In ya wuce 50 doki ya bushe. In ya wuce 60, waɗanda ke tashi ba su da yawa. Zuciya tana tura jini mai kauri da ƙyar, sai ta ƙara sauri, kunnuwa da ƙafafu su yi sanyi, fitsari ya ragu.

Amma lissafin nan yana da tarko biyu, likita mai hankali ya san su. Saifar doki rumbu ce, tana ɓoye wajen sulusin jajayen ƙwayoyi, in ya tsorata ko ya ji zafi sai ta matse ta zubo su, lissafi ya hau ko da bai bushe ba. Na biyu ya fi shafar dawakin ƙasarmu. Dokin da sammore ko ciwon kaska ko tsutsar ciki suka daɗe suna shan jininsa, wataƙila lissafinsa na kullum 25 ne. Irin wannan in ya kai 40 a ranar ciwon ciki, ya riga ya bushe ƙwarai, alhali a takarda kamar lafiyarsa lau. Sabo da haka in dokinka ya taɓa yin sammore, ka faɗa tun ba a tambaye ka ba. Don haka kuma likita kan auna furotin na ruwan jini tare, ya sake aunawa bayan sa'a 2 ko 3. In ja yana hawa furotin yana sauka, bangon hanji ne ke yoyo, wannan kuwa mugunyar alama ce.

FARAREN ƘWAYOYI SUN ƁACE

Mai hankali zai zaci in dafi ya shiga jini dakaru za su ƙaru. A ƙaramin ciwon ciki haka ne, su kan ɗan ƙaru sabo da wahala, ba abin tsoro ba ne. Amma a babban ciwo sai a ga akasin haka. Cikin sa'a guda ko biyu da shigar dafi, fararen ƙwayoyi su kan manne a bangon jijiyoyi, musamman na huhu, waɗansu kuma su kwarara zuwa hanjin da ya lalace. Likita ya ɗebi jini ya ƙidaya, maimakon 8,000 sai ya tarar da 3,000, wani lokaci ko 2,000 ba su kai ba.

Ɓargo, inda a ke ƙera su, sai ya shiga turo waɗanda ba su nuna ba. A madubi ana gane su, gama cibiyarsu a lanƙwashe ta ke kamar munduwa, ba ta rarrabu gaɓa-gaɓa kamar ta manya ba, jikinsu kuma shuɗi-shuɗi da kumfa-kumfa. In ka ga sarki ya fara tura yara fagen fama, ka san abin da ya sami manyan. In lissafin nan ya fara komowa bisa, yaran suna raguwa, likita ya kan sami ƙarfin zuciya tun kafin dokin ya nemi abinci.

Waɗanda suka manne a bangon jijiya kuwa ba zaune su ke ba. Suna watsa makamansu, abubuwa masu ƙuna da aka tanada don ƙwayoyin cuta, a kan bangon gidansu. Cikin jijiya da ya ke sumul kamar tangaran sai ya yi kaushi. Daga nan babbar masifa ke tasowa.

DASKAREWA TA RIKICE

Wani babban likitan Jamus, Virchow, ya yi bincike a kan gudan jini a cikin jijiya, ya buga shi a 1856. Daga aikinsa aka fitar da abu 3 da ke kawo shi: gudun jini ya yi sanyi, bangon jijiya ya ɓaci, jinin kansa ya sāke hali. Ka duba, duk ukun sun haɗu a jikin doki mai mugun ciwon ciki. Jini ya yi kauri yana tafiya da ƙyar, bango ya yi kaushi, sa'an nan dafin nan ya kan sa wani iri na fararen ƙwayoyi su fitar da abin nan mai ta da daskarewa, wanda a ƙa'ida sai naman da ya yanke ke sakinsa. Watau an yi wa jini shelar rauni a ko ina, alhali ba rauni.

Sai kaɗi ya tashi a dukan jiki. Ƙananan gudaji, waɗanda ido ba ya gani, su toshe jijiyoyin da suka fi gashi sirantaka. Linzami kuwa yana tsinkewa ta wuri biyu: antitorombin yana ƙarewa wajen aiki, yana kuma yoyo ta bangon hanji. Almakashin ma jiki ya kan danne shi a wannan hali, zare ya taru ba mai yankewa. A shekarar 2007 likitocin dabbobi na birnin Barselona a ƙasar Sifen sun ba da labarin dawakin da suka mutu da mugun ciwon hanji, suka duba namansu a madubi, suka tarar da zaren nan jibge cikin ƙananan jijiyoyin huhu da hanta da ƙoda, ya fi yawa a huhu. Gaɓar da jini bai kai mata ba kuwa sai ta daina aiki. Ƙoda ta tsaya, huhu ya gaza, ko da hanjin ya riga ya buɗe.

In abin ya ci gaba sai ya juye. Matosai sun ƙare wajen toshe inda ba ɓaraka, su sauka ƙasa da 100,000. Sinadaran daskarewa sun ƙare, hanta ba ta cim musu ba. Likita yana da gwaji na ƙidaya sakan nawa ruwan jini ke yi kafin ya kama, wanda wani Ba'amurke mai suna Quick ya fito da shi a 1935, sai ya ga lokacin ya yi tsawo. Yana kuma auna guntayen zaren da aka yanke, ya tarar sun yi yawa. In gwaji 3 ko fi suka fita daga ƙa'ida tare, ya san daskarewa ta watsu. A nan ne a ke ganin wurin da aka yi allura yana ta tsiyaya, ko haɓo, ko jajayen ɗige-ɗige a dasashi kamar an yayyafa barkono. Jinin da ya daskare inda bai kamata ba, yanzu ya kasa daskarewa inda ya kamata.

Amma ku sani, a doki zubar jinin nan ba ta cika bayyana ba. Yawancinsu toshewa ce ke cinsu a ɓoye. Wanda ya ce zai jira sai ya ga jini kafin ya kira likita, zai jira mushe. Abin da aka fi gani a fili jijiyar wuya ce. Inda aka soka allura sai ta kumbura, ta yi zafi, ta yi tauri kamar igiya. In ta toshe gefe biyu, kai ya kumbura har numfashi ya yi wuya. Sai kuma kofato. Kwana 1 zuwa 3 bayan ciwon, ana murna doki ya tashi, sai a ga ya tura ƙafafun gaba ya jingina a baya, kofato da zafi, ba ya son taku. Naman da ke riƙe kofato da ƙashi ne ya kumbura, fararen ƙwayoyi da matosan da dafi ya harzuƙa suna da hannu a ciki. Dawaki da yawa sun tsira daga ciki, kofato ya hana a sake hawansu.

Audugar nan kuwa, fibirinojin, a mutum ta kan ƙare a irin wannan hali, amma a doki da wuya, gama hantarsa tana ƙara yin ta in akwai kumburi a jiki. Sai dai ba ta hawa sai bayan kwana guda ko biyu. Sabo da haka in yaron barga ya rantse da safen nan ciwon ya fara, likita kuwa ya tarar ta hau, ya san an kwana biyu ana ɓoye wa maigida.

TSUTSAR DA KE SHIGA JIJIYA

Akwai inda gudan jini ne ke kawo ciwon ciki, ba ciwon ciki ke kawo shi ba. Wata jar tsutsa ce, ƙwanta na fita a kashin doki, 'ya'yanta su hau ciyawa, doki ya ci. Su huda bangon hanji, su bi jijiya su hau zuwa tushen babbar jijiyar da ke shayar da hanji, su zauna can wata 3 ko 4 suna ƙarzar bango. Jini ya daskare a kansu. In guntun gudan ya ɓalle, ya gangara ya toshe reshe, yankin hanjin da reshen ke shayarwa ya mutu ba tare da ya murɗe ba. Wani Bajamushe mai suna Bollinger ya nuna dangantakar nan tun 1870. Tun da aka fito da maganin ivamektin a 1981 ta ragu ƙwarai a ƙasashen da a ke ba da shi a kai a kai, amma tana nan inda dawaki da jakuna ke kiwo tare ba magani. Dokin da ke yin ciwon ciki yau, ya warke, ya sake bayan wata, yana ramewa, a tuna da ita. A nemi likita ya tsara lokacin ba da maganin tsutsa, a ba jakuna su ma, a riƙa kwashe kashi daga turke da wurin kiwo ko sau 2 a mako.

ABIN DA ZA KA DUBA DA KANKA

Ka ɗaga leɓen dokinka na bisa, ka dubi dasashi. Na mai lafiya ja-ja ne mai haske, da danshi. Ka danna da babban yatsa ka ɗauke, wurin zai yi fari, ya komo kafin ka ƙirga 2. In dasashi ya bushe yana manne wa yatsa, launin bai komo ba sai ka ƙirga 3 ko 4, jini ya yi kauri. In ya yi ja wur kamar jan bulo, ko ka ga wani layi ja mai duhu ya bi gindin haƙora, dafi ya shiga. In ya koma shuɗi-shuɗi ko launin toka, lokaci ya ƙure. Ka yi wannan dubawa yau, tun dokinka yana lafiya, don ka san kamanninsa. Wanda bai san fari ba ba zai gane baƙi ba.

Sa'an nan ka sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙi, inda wata jijiya ta gitta ƙashi, ko ka sa tafin hannu bayan gwiwar ƙafar gaba ta hagu. Ka ƙirga bugu na sakan 15, ka riɓa sau 4. Doki mai hutawa yana yin 28 zuwa 44 a minti. In ya wuce 60 ya tsaya a nan, ko da dokin ya yi shiru, abin babba ne. In ya wuce 80, hatsari ne ƙwarai. Ka tsunkuli fatar wuya ka saki, in ta tsaya a tattare ya bushe. Ka kara kunne a kwiɓi, dama da hagu. Cikin doki mai lafiya ba ya rabuwa da ƙugi, shirunsa ba alheri ba ne. Mafi muni duka, dokin da ya kwana yana birgima, farat ɗaya ya tsaya cik, gumi mai sanyi na zuba, jiki na rawa. Jama'a su kan ce ya samu sauƙi. Sau da yawa tumbi ne ko hanji ya fashe.

ABIN YI, DA ABIN BARI

A janye abinci duka, a bar ruwa mai tsabta kusa sai in likita ya hana. A zaga da shi a hankali in yana son birgima, kada a yi ta korarsa har ya gaji. In awa guda ta wuce bai sauƙaƙa ba, ko ɗaya daga alamun nan ta bayyana, a aika wa likitan dabbobi nan take.

Kada a yi masa tsaga ko a zubar masa da jini da sunan fitar da mugun jini. Dokin da ruwan jikinsa ya ƙare, matosansa suna ƙarewa, ko wane ɗigo nasa dukiya ne. Lalas a ciki ba ya kai wa ga hanji, sai dai ya ƙara rauni. Kada a ɗura masa mai ko jiƙo ta hanci, gama huhu za shi. Kada wanda bai koya ba ya yi ta sokar jijiyar wuya, kun riga kun ji abin da ke samunta. Allurar kashe zafi kuwa da a ke saye a kasuwa, tana da amfani a hannun likita, amma in an yi ta maimaita ta sai ta rufe alamun da a ke bukatar gani, ta kuma cuci ƙodar dokin da ya bushe.

Likita ya kan zura roba ta hanci zuwa tumbi ya fitar da ruwan da ya taru, ya kuma ɗaura ruwa a jijiya, ba kwalba guda ba, garwa guda ko fi, don jini ya saki. Wani lokaci ya kan ƙara masa ruwan jinin wani doki mai lafiya don mai da linzamin da ya ƙare, ko ya yi masa allurar hefarin, maganin hana daskarewa da aka gano a 1916. Ya kan sa a tsoma ƙafafu cikin ruwan ƙanƙara tun kofato bai fara zafi ba. Amma duk waɗannan taimako ne. In hanji ya murɗe ya mutu, muddin yana ciki dafi ba zai daina kwarara ba, sai fiɗa a babban asibitin dabbobi, ita ma ga wanda aka kai da wuri, kafin jini ya juye.

Ku dagatai da masu unguwa, ciwon nan ya fi yawa a lokatan da kun sani: gab da hawan salla, sa'ad da a ke dumbuza wa dawaki hatsi farat ɗaya don su yi kyau, da lokacin hunturu, sa'ad da harawa ta bushe ƙayau doki kuma ba ya son ruwan sanyi. A ƙara hatsi kaɗan kaɗan cikin kwana 10 zuwa 14. A zuba abinci a komi, ba a kan rairayi ba. A tsince leda daga wurin kiwo. Doki mai kilo 300 yana bukatar ruwa aƙalla kusan garwa guda a yini ko yana hutawa, da bazara kuwa ninkin wannan. Ko wane dagaci ya ajiye lambar wayar likitan dabbobi mafi kusa. Wanda zai yi magana da shi ya riƙe amsar waɗannan kafin ya kira: yaushe ciwon ya fara, yaushe dokin ya yi kashi da fitsari na ƙarshe, me ya ci jiya, bugun jijiya nawa a minti, wane launi ne dasashi, wane magani aka riga aka ba shi, da ƙarfe nawa.